Buhu Nawa Ne Littafin Nan?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna da magana, kuma maganar ta littafin lissafi ce. Wani zai ce ina ruwan mujallar ƙungiya da wannan, alhali ga kuɗin makaranta, ga cunkoson ɗakunan kwana, ga yajin aiki? To, a yi haƙuri a saurara. Duk wanda ya san hanyar da kuɗin ɗalibi ke biyowa kafin su shigo aljihunsa ya san babu ƙaramar magana a kansu.

Da yawa daga cikinmu daga arewacin Jihar Kano muka fito, daga Dambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bici da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir. Ƙasa ce wadda mutane suka yi yawa, gona ta yi kaɗan. Daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan, kuma tsakaninsu babu daji, babu saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko uku, ta koma 'yan ƙananan filaye. Ba a hutar da ita ko da shekara guda, da taki ake riƙe da ranta, wanda ake kai mata tun da rani a mangala bisa jaki ko a amalanke. Abin da ya shiga rumbu da kaka shi ne abincin gida, shi ne kuɗin asibiti, shi ne kuma kuɗin makarantarmu. Ranar da ɗayanmu zai koma jami'a, ko dai uba ya buɗe rumbu, ko uwa ta saki akuyarta a ja ta kasuwa. Saboda haka duk lokacin da malami ya ɗauki alli ya rubuta sunan littafi a allo ya ce wajibi ne a saya, ya sani hannu ya sa a rumbun wani tsoho da bai taɓa gani ba.

Za mu ɗauki darasi guda ɗaya mu yi misali da shi, domin a kansa ne abin ya fi fitowa fili. Shi ne wanda a harabar jami'a ake kira kwamfiles analisis, wanda ɗaliban lissafi kan gamu da shi a aji uku, ɗaliban fiziks da na injiniya kuma sukan ɗanɗana shi. Mu a nan za mu kira shi nazarin tagwayen lambobi, kuma ga dalili.

Tun a firamare aka jera mana lambobi a kan layi guda. A ce gabas ita ce wajen ƙaruwa, yamma kuwa wajen lambobin da ke ƙasa da sifiri. In ka ninka lamba da −1, ka juya mata baya ke nan, mai fuskantar gabas ya koma yana fuskantar yamma. To, wace lamba ce in aka ninka da ita sau biyu za ta yi aikin −1? A kan layin nan babu ita, shi ya sa aka ce mana a sakandare wai ba ta wanzu. Amma mai fuskantar gabas yana iya juyawa arewa, sa'an nan ya sake juyawa irin ta farko, sai ga shi yana kallon yamma. Wannan rabin juyawa ita ce lambar da aka ce babu, ita ake rubutawa da harafin i. Da zarar an karɓe ta, lambobi sun bar kan layi sun bazu a fili, kowace lamba ta zama tagwaye: taki kaza gabas, taki kaza arewa, kamar yadda za ka kwatanta wa mutum inda ka binne abu a gona. Nazarin tagwayen lambobi kuwa shi ne kalkulas da aka yi a kan wannan fili. A cikinsa akwai abubuwan mamaki. Babba daga cikinsu ita ce ƙa'idar Cauchy, wadda ta nuna cewa akwai wani jinsin ƙididdiga wanda in ka san ƙimarsa a kan iyaka kawai, to ka san ta a kowane gurbi na ciki. Kamar a ce mutum ya zagaya iyakar gonarka, bai shiga ba, ya faɗa maka abin da kowace kunya za ta bayar, bai kuskure ko zangarniya ɗaya ba.

Wannan shi ne ilmin. Yanzu ga kuɗinsa. Littattafan da aka saba rubuta mana a allo bugun Amurka ne ko na Ingila, kuma shahararrun cikinsu, in sababbi ne masu bangon kwali, sukan haura dala 100 kowanne a can ƙasarsu, ban da kuɗin kawowa. A farkon 2023 farashin dala a banki wajen naira 460 ne. A watan Yuni na shekarar aka saki naira, kafin 2024 ta yi nisa dala ta wuce naira 1,500. Watau littafin dala 100 ya koma naira 150,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata biyu bai ci ba bai sha ba, kuma duk da haka bai cika kuɗin ba. Manomi kuwa, a je kasuwar Dawanau a tambayi farashin gero, a raba a gani buhu nawa ne littafin nan. Darasi ɗaya ke nan, cikin darussa bakwai ko takwas na zango guda.

Ba yau aka fara ba, kuma ba daga sama abin ya faɗo ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A wancan zamani kuma akwai shirin gwamnatin Ingila mai suna ELBS, wanda tun 1960 yake buga littattafan jami'a da rahusa domin ƙasashe irin namu, ga kuma littattafan kamfanin Mir na Tarayyar Sobiyat, masu arha kamar kyauta, cikinsu har da na Sveshnikov da Tikhonov a kan wannan darasi namu. Ba don Allah suka yi ba, kowa zawarcin ƙwaƙwalwar matasanmu yake yi a lokacin yaƙin cacar baki. Duk da haka ɗan talaka ya mallaki littafi. Sai aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991. Ingila ta rufe ELBS a 1997. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda aka gina domin mu riƙa buga namu, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Duk ginshiƙan da suka riƙe littafi mai arha sun zube, amma jerin sunayen da ake rubutawa a allo yana nan yadda aka gaje shi. Malami ya kwafo daga malaminsa, shi ma ya kwafo daga nasa, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi nawa ne.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ilmin da ake sayar mana da wannan tsada tsoho ne tukuf. Cardano ya fara cin karo da waɗannan lambobi a Italiya a 1545, Bombelli ya tsara yadda ake lissafi da su a 1572, Euler ya haɗa su da lissafin kusurwa a 1748. Cauchy ya fito da babban aikinsa a Faransa a 1825, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Sakkwato, Ibrahim Dabo yana sarautar Kano. Laurent ya ƙara nasa a 1843, Riemann ya rubuta kundinsa a Jamus a 1851. Kusan duk abin da za a koya wa ɗan aji uku a wannan darasi an gama gano shi tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Ƙa'idar Cauchy ba ta sake ba tun daga ran nan, kuma ba za ta sake ba har a busa ƙaho. To, me ake sabuntawa a sabon bugu? Littafin Churchill ya fara fitowa a 1948, daga baya Brown ya shigo, har ya kai bugu na 9. Ba mu ce ba a gyara komai ba: an sassauta wasu bayanai, an ƙara misalai, an sauya jerin tambayoyi. Amma ɗalibin da ya riƙe bugu na 4 ko na 5, wanda wani yayansa ya bari a akwati, babu ƙa'ida ɗaya ta manhaja da za ta kuɓuce masa. Da tsohuwar zuma ake magani. Malamin da ya dage sai sabon bugu, don kawai lambobin tambayoyin da yake bayarwa su yi daidai da na hannunsa, ya sa an sayar da akuya domin ya huta da rubutun layi biyar a allo.

Akwai masu ja da mu, kuma za mu amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne masu cewa araha ba ta ado, jami'a ba wurin wasa ba ce, dole a karanta littafin da manyan jami'o'in duniya ke karantawa. Da sun faɗi haka sai su ambaci Ahlfors. Muna girmama Ahlfors. Mutumin Finlan ne, ya koyar a Harvard, yana ɗaya daga mutum biyu na farko da aka ba lambar Fields a 1936, littafinsa na 1953 kuma gagara-badau ne. Amma ga wa aka rubuta shi? Ga wanda ya riga ya ƙware, mai shirin zurfafa bincike. Hujjojinsa a dunƙule suke, misalan da aka warware kaɗan ne, tambayoyinsa kuma ba su da amsa a baya. Mu da muka tashi a zaure mun san tsari. Babu malamin da zai ɗora wa yaro Muhtasar ranar da ya fara fiƙihu. Da Ahalari ake farawa, a bi da Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala, sa'an nan a tunkari Muhtasar. Kuma waɗannan ƙananan littattafai ba su zubar da darajar ilmi ba don ana samunsu da kuɗi kaɗan a kasuwar Kurmi, hasali ma arharsu ce ta sa ilmin ya shiga kowane lungu. Kakanninmu sun gane cewa littafin mafari dabam, na gwani dabam. Wanda ya rubuta sunan Ahlfors a matsayin littafin farko, yana sane da cewa a ajin babu mai iya saye, kuma ko an saya babu mai iya hawa shi kaɗai, to ado ya yi wa takardar manhajarsa, ɗalibai kuwa ya bar su hannu rabbana.

Na biyu su ne 'yan kasuwar handawut, kuma su ne suka fi cin ribar na farko. In littafin da aka ambata ya gagari kowa, me ya rage? Sai 'yan shafuka talatin da aka tsakuro daga nan da can, aka buga a gurguje, aka manne da ƙusa. Mun san wani sashe, ba za mu kama suna ba, inda aka taɓa sayar mana da irin wannan, har da rubuta sunan wanda ya saya. A ciki alamar ɗebewa ta ɓace a wuri uku, wata hujja ta tsaya a tsakiya domin shafin da ke biye bai fito ba, muka haddace ta haka nan da gurguntakarta, muka zuba a jarrabawa, muka ci. Mun ci jarrabawa, ba mu san kome ba. Ba mu manta halin da malamanmu ke ciki ba. Mun ga yajin aikin wata takwas na 2022, mun ga yadda aka riƙe musu albashi, kuma muna tare da su a kan haƙƙinsu. Da yawansu ma ba su taɓa sayar da ko shafi ɗaya ba, wasu da aljihunsu suke buga mana takardu, Allah ya saka musu. Amma wanda gwamnati ta zalunta ba shi da hujjar ramawa a kan ɗan manomin Kunci. In bera da sata, daddawa ma da wari, mun yarda. Sai dai a nan daddawar ba ta da laifi, ba ta da zaɓi ne.

Na uku su ne masu cewa zamani ya wuce wannan gardama, kome yana cikin waya, a sauko da shi daga intanet a huta. Waɗannan ba su taɓa yin hutu a ƙauyenmu ba. A can caji da kuɗi ake yinsa a shagon mai janareta ko mai sola, sabis kuma sai an nemi tudu. Ban da haka, lissafi ba labari ba ne da za a bi da ɗan yatsa. Mai bin hujja yana bukatar ya riƙe shafi uku a lokaci guda, ma'ana a nan, zane a can, ƙa'idar da ta gabata a baya, ga fensir a hannu yana rubutu a gefe. Fuskar waya ba ta kai tafin hannu ba, kuma a cikinta saƙonnin WhatsApp ke shigowa suna tsinka tunani. Sa'an nan mafi yawan abin da ake turawa a waya kwafin sata ne na littattafan da masu su ba su yafe ba, kuma bai dace jami'a ta gina karatunta a kan abin da take kunyar faɗa a fili ba. Intanet hanya ce ta samo littafi, muna maraba da ita. Amma sai ya hau takarda ya zama abokin zama.

Na huɗu su ne waɗanda suka fi ba mu haushi, masu cewa a ɓoye, ina ɗan ƙauye ina wannan lissafi, ya samu ya ci jarrabawa ya karɓi takarda ya isa. Muna tuna musu cewa wutar lantarkin da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa cikin wayoyin ƙasar nan, da tagwayen lambobi ake lissafinta tun da Steinmetz ya nuna hanyar a Amurka a 1893. Ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashin madatsa irin ta Watari ko ta Tomas, akwai hanyar auna shi da ta fito daga babin ƙarshe na wannan darasi. Taswirar da ma'aikatan safiyo ke auna filaye da ita an zana ta bisa tsarin da ke kiyaye kusurwa, shi ma ɗan gidan nan ne. Muryar da ke tafiya daga wayar hannu zuwa wata, da irin wannan lissafi ake tace ta. In 'ya'yanmu ba su iya ba, har abada sai dai a yi hayar wani ya zo ya auna mana ruwanmu da ƙasarmu, mu biya shi da dala. Kuma lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan tsarin lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Farfesa Iya Abubakar ya shugabanci sashen lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabanci jami'ar kanta daga 1975 zuwa 1978. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta ɗebo 'ya'yan talakawa daga ƙauyuka, kuma kowa ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. An riga an gwada ƙwaƙwalwar ɗan ƙauye, ba ta gaza ba. Kayan aiki ake hana shi.

To, wane littafi ne ya dace? Muna ganin sharuɗɗa huɗu ne. Na ɗaya, ɗalibi ya iya mallakarsa, ya tafi da shi gida hutu, ya yi rubutu a gefensa, ya bar wa ƙanensa. Na biyu, ya iya karanta shi ba malami a kusa, domin rabin karatunmu a lokacin yajin aiki da hutu muke yinsa, a ƙarƙashin darbejiya bayan an taso daga gona. Wannan kuwa yana nufin Turanci mai sauƙi, da zane mai yawa, da misalai warwararru, da amsoshin tambayoyi a baya. Na uku, ya ƙunshi manhajar duka: tagwayen lambobi da filinsu, sharuɗɗan Cauchy da Riemann, ƙa'idar Cauchy, jerin Taylor da na Laurent, lissafin ragowa, da taswira mai kiyaye kusurwa. Na huɗu, ya kawo hujja, kada ya tsaya ga dabarar cin jarrabawa, domin lissafin da babu hujja haddar aku ce.

Littattafan da suka cika waɗannan sharuɗɗa suna nan, ba a ɓoye suke ba. Akwai na Matthias Beck da abokan aikinsa uku, Marchesi da Pixton da Sabalka, wanda aka rubuta musamman domin mafari, zango guda, kuma marubutan da kansu suka sa shi a intanet kyauta, suka yarda a buga a raba muddin ba a taɓa abin da ke ciki ba. Wannan halal ne tsantsa, kuɗin takarda da tawada kawai zai ci. Akwai na George Cain, shi ma kyauta. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, ta sa littattafan darussanta a intanet, har da na wannan fanni. Akwai tsohon bugun Churchill, kowanne aka samu, wanda har yanzu da wuya a sami wanda ya fi shi iya lallashin mafari. Akwai na Spiegel a jerin Schaum, wanda ya fito a 1964, mai ɗaruruwan tambayoyi warwararru. Abokin aiki ne nagari, sai dai kada a riƙe shi shi kaɗai, domin yana da saurin mai da mutum mahaddaci. Akwai kuma kamfanin Dover, mai sake buga tsofaffin littattafai da bango mai laushi a kan kaso kaɗan na farashin sababbi, irin na Fisher da na Flanigan da na Knopp, ga kuma bugun Indiya masu sauƙin kuɗi irin na Ponnusamy. Ra'ayinmu a taƙaice: a riƙi na Beck ko tsohon Churchill a matsayin uwa, a riƙi Spiegel domin motsa hannu, a ajiye Ahlfors a laburare domin wanda ya ƙoshi yake neman ƙari.

Amma kada mu tsaya nuna wasu da yatsa mu manta da kanmu. A cikinmu akwai wanda zai ce ba shi da kuɗin buga shafi 200, alhali abin da yake zubawa a katin waya cikin wata guda ya isa. Akwai wanda zai biya kuɗin rigar bikin kammala karatu da na hoto ba gardama, amma bai taɓa mallakar littafi ɗaya a fanninsa ba. Akwai wanda in ya sami littafin laburare sai ya ɓoye shi a wani kanta dabam don kada ɗan'uwansa ya gani, ko ya yage babin da ake bukata. Wannan ma zalunci ne, kuma namu ne. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, littattafan da kuka yi karatu da su suna ina? Suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, gara tana ci, alhali ƙannenku daga garinku suna haddar handawut.

Saboda haka muna kira da a yi waɗannan abubuwa.

Na 1, kowane sashe ya sanya wa kowane darasi littafi guda ɗaya na tushe, ya rubuta farashinsa da inda ake samunsa a jikin takardar manhaja. Malamin da bai san farashin littafi ba, bai kamata ya wajabta shi ba.

Na 2, a karɓi kowane bugu. In malami zai ba da aiki, ya rubuto tambayar kanta, kada ya ce shafi kaza lamba kaza.

Na 3, ƙungiyar ɗalibai ta ware wani kaso daga kuɗin da take karɓa a hannunmu kowace shekara, ta yi ciniki da maɗaba'a, ta buga littattafan da masu su suka yafe, da yawa a lokaci guda, ta sayar a kan kuɗin bugu ba riba, ta kuma manna lissafin a allon sanarwa kowa ya gani.

Na 4, ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumominmu su kafa rumbun littattafai. Mai fita ya zuba, mai shigowa ya ara, a rubuta a rijista. Tsofaffin ɗalibai ma'aikata su buɗe akwatunansu. Inda littafi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, biyar su yi karo-karo; iyayenmu mata da adashi suke aurar da 'ya'ya, iyayenmu maza da gayya suke nome gonar da ta gagari mai ita.

Na 5, hukumomin jami'o'i su hana sayar da handawut da gaske, hani mai hukunci, kuma su buɗe ƙofar da ɗalibi zai kai ƙara ba tare da ya ji tsoron makinsa ba.

Na 6, malamanmu na lissafi su haɗu su rubuta namu. Asusun TETFund yana da kason wallafa littattafai, jami'o'in Zariya da Kano suna da maɗaba'u. A rubuta da Turanci domin jarrabawa, a sa bayani da Hausa a gefen wuraren da ke da wuya, kamar yadda malamin zaure ke karanta Larabci ya fassara. A sake shi kyauta, kowa ya buga. Wanda ya yi wannan ya bar sadaka mai gudana, kuma ya kamata a lissafa masa shi wajen ƙarin girma.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran dala ta sauko, ko a canja gwamnati. Huɗu na farko ana iya fara su a zangon nan. A watan Afrilu na 1978, a kan ƙarin kwabo 50 na kuɗin abinci, ɗaliban ƙasar nan suka tashi tsaye, har wasu suka rasa rayukansu a Legas da Zariya. Mu ba mu nemi kowa ya fita titi ba. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi: ranar da aka rubuta sunan littafi a allo, wakilin aji ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, Malam, Allah ya gafarta, nawa ne, kuma akwai wanda zai maye gurbinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma in ba mu faɗa ba babu mai faɗa mana.

Tsohon da ya buɗe rumbunsa bai san Cauchy ba, bai kuma nemi ya sani ba. Abin da ya sani shi ne ya rage abincin gidansa domin ɗansa ya dawo da ilmi. Amana ce ya ba mu, mu da malamanmu baki ɗaya, kuma za a tambaye mu. Allah ya ba mu ikon sauke ta.